Yadda Ake Shirya Maƙalar Binciken Lafiya a Tura wa Mujalla

Duk shekara likitoci masu neman ƙwarewa a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna kammala kundin bincike domin jarrabawar kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Haka ɗaliban likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sai sun kare kundi kafin a ba su digiri. Da yawa daga cikin wannan aiki a nan yake tsayawa: a yi masa bango mai kauri, a jera a kanta, shi ke nan. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a cikin kundayen nan akwai bayani game da sikila, jijjigar masu ciki, sanƙarau, saran maciji da tamowa kamar yadda suke a wajenmu, kuma likitan da ke Gombe ba zai amfana da abin da aka gano a Katsina ba muddin bai fito a inda zai iya nemo shi ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko har ƙarshe. Edita bai san ka ba, bai taɓa shiga asibitinku ba, bai ga wahalar da ka sha ba. Takarda kawai yake gani. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta ba shi hujjar da zai yarda cewa an yi aikin yadda ka faɗa, kuma ba ka faɗi abin da ya wuce ƙarfin alƙalumanka ba.

Zan yi ta komawa ga misali guda don magana ta zauna: a ce ka tattara fayil-fayil na matan da aka kwantar da jijjiga a asibitinku cikin shekara uku, kana son sanin ko waɗanda ba su yi awo ba sun fi rasa jarirai.

Takardun da ake samu tun kafin a fara

Mataki na farko ba rubutu ba ne. Nemo takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka duba lambarta da kwanan watanta. Dole kwanan ya riga ranar da ka fara tattara bayanai. A Nijeriya kowane asibitin koyarwa yana da kwamitinsa, ma'aikatun lafiya na jihohi ma haka, kuma suna aiki ne ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC, da ƙa'idojin da ya fitar a 2007. A Nijar akwai kwamitin ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce ai fayil kawai ya duba, bai taɓa majiyyaci ba, don haka ba ya bukatar izini. Yana bukata. Kwamitin ne zai ce ya ɗauke maka neman amincewar kowace mace, ba kai za ka ɗauke wa kanka ba, kuma wannan ɗaukewar sai ka rubuta ta a maƙala.

Idan ka yi magana da mutane kai tsaye, faɗi yadda aka nemi yardarsu: da wane harshe aka yi bayani, wa ya karanta wa wanda ba ya karatun boko, an dangwala yatsa a gaban shaida ko an sa hannu, wa ya amince a madadin yaro. Mu da ke wannan yanki ba ma bukatar a tuna mana nauyin wannan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo shari'a ta shekaru, kuma yardar iyaye da takardar izini suna cikin abin da aka yi ta jayayya a kai. Ƙa'idar da mujallu suke tambaya ko ka bi ita ce Sanarwar Helsinki, wadda ta fara fitowa a 1964, aka kuma sabunta ta a 2024.

Idan gwaji ka yi, wato ka raba mutane ka ba wasu magani ko wata kulawa don ka gwada da wasu, to sai an yi masa rajista kafin a ɗauki mutum na farko. Tun 2005 manyan mujallu suke ƙin karɓar gwajin da ba a yi wa rajista a kan lokaci ba. Ana yi kyauta a PACTR, rajistar gwaje-gwaje ta Afirka da ke Afirka ta Kudu, ko a ClinicalTrials.gov. Wannan ba ya gyaruwa daga baya. In kuma labarin majiyyaci ɗaya za ka rubuta, nemi rubutacciyar yardarsa ta a buga. Baƙin layin da ake ja a kan ido a hoto ba ya ɓoye mutum, balle mai tsaga a fuska.

Sunan wa zai hau

A gama wannan magana kafin a rubuta layi ɗaya, domin ita ce take raba abokai. Kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, wanda ya samo asali daga wani taro a birnin Vancouver na Kanada a 1978, ya gindaya sharaɗi huɗu, kuma sai mutum ya cika duka: ya taka rawar gani wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko ya yi masa gyara mai ma'ana, ya amince da abin da za a buga, ya yarda a tuhume shi kan ingancin aikin. Wanda ya ba da kuɗi kawai, ko ya ba da izinin amfani da sashensa, wurinsa sashen godiya, shi ma sai da saninsa.

Na san yadda abin yake a asibiti. Ƙaramin likita ba zai dubi shugaban sashe ya ce masa bai cancanta ba. Hanyar da ta fi ita ce ka ba shi aikin da zai cancanta da shi. Ka kai masa daftarin ka ce: "Ranka ya daɗe, mujallar tana so a rubuta abin da kowannenmu ya yi. In za ka duba mana sashen sharhi ka yi gyara, sai mu sa a rubuce." Mafi yawan malamai za su duba, kuma maƙalar za ta ƙaru. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya gefen: masanin ɗakin gwaji da ya duba samfur ɗaya bayan ɗaya, ko wanda ya yi lissafin gaba ɗaya, a manta da shi. Irin waɗannan ba su daftarin su gyara, a sa sunansu. A kuma zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da mujalla, wanda yake duba imel kullum.

Kowane marubuci ya buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike ce mai alƙaluma 16, kyauta. Mu ta fi yi wa amfani, domin a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, masu suna Abubakar M ko Ibrahim A ba su ƙirguwa. Ka kuma tsaya a kan rubutun suna ɗaya. Wanda ya rubuta Muhammad yau, gobe Mohammed, jibi ya sa sunan garinsu a ƙarshe, ya raba aikinsa gida uku.

Zaɓen mujalla

Tela yana auna mutum kafin ya yanka yadi. Zaɓi mujalla tukuna, sannan ka rubuta daidai da ita. Duba manazartarka: a ina aka buga ayyukan da ka fi dogara da su? Sannan ka tambayi kanka wa kake so ya karanta. Binciken jijjiga na asibiti ɗaya ya fi dacewa da mujallun yanki irin su Annals of African Medicine da Sahel Medical Journal da suka taso daga Sakkwato, ko Nigerian Journal of Clinical Practice, ko West African Journal of Medicine, ko Ghana Medical Journal. Pan African Medical Journal tana karɓa da Ingilishi da Faransanci, abin da ke taimakon marubutan Nijar, Kamaru da Chadi. Idan aikin ya haɗa asibitoci da yawa ko tsarinsa yana da ƙarfi, gwada BMJ Open, PLOS ONE ko mujallun BMC. Rubuta uku a jere, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, don idan ta farko ta ƙi kada ka zauna jugum.

A nan zan tsaya kan mujallun bogi, domin suna cinye aikin mutane da kuɗinsu. Alamarsu ba ta ɓuya: imel ne zai zo maka da kirari, ana kiran ka babban masani alhali ba ka taɓa buga komai ba, ana alkawarin bugawa cikin kwana kaɗan, mujalla ɗaya tana karɓar likitanci da injiniyanci da noma, ba a faɗin kuɗi sai an ce an karɓa. Kada ka yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu. Je ka duba da kanka: nemi sunan mujallar a kundin NLM, ɗakin karatun likitanci na Amurka, ka ga ko rumbunsa na mujallun da aka tantance, MEDLINE, yana ɗaukar ta, sannan ka duba sauran jerin mujallu: Scopus, DOAJ, da AJOL idan ta Afirka ce. Ganin maƙala ɗaya tak ta mujalla a PubMed ba ya nufin an tantance mujallar. Shafin Think. Check. Submit. yana da tambayoyin da za ka bi. Ka kuma tambayi ofishin ƙarin girma na jami'arku irin mujallun da suke lissafawa. Idan aikinka ya fito a ta bogi, ta kirki ba za ta ƙara karɓar sa ba, kuma cire shi aiki ne ja.

Sai kuɗi. Mujallun da kowa ke karantawa kyauta sukan caji marubuci, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai. Waɗanda mai karatu ke biya galibi ba sa cajin marubuci. Kamfanonin buga mujallu da yawa suna yafewa ko ragewa bisa rabon ƙasashe na Bankin Duniya; Nijar tana rukunin masu ƙaramin ƙarfi, Nijeriya tana rukunin da ke sama da shi, don haka sassaucin ba ɗaya ba ne. Ana neman sassauci lokacin turawa, ba bayan an karɓa ba.

Karanta umarnin mujallar da alƙalami a hannu

Kowace mujalla tana da shafin umarni ga marubuta. Fitar da shi a takarda, ka ja layi a ƙarƙashin yawan kalmomi, yawan jadawali, tsarin tsakure (taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala), salon manazarta da takardun da za a haɗa. Sauko da maƙala biyu da suka fito kwanan nan masu kama da taka ka ga yadda aka tsara su.

Daga nan ɗauko jerin ƙa'idar rahoto da ta dace da nau'in bincikenka daga shafin EQUATOR. Binciken lura, irin misalinmu, STROBE ce, mai abubuwa 22. Gwajin da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a CONSORT, wadda aka sabunta a 2025. Bitar ayyukan da aka riga aka buga PRISMA, mai abubuwa 27. Labarin majiyyaci ɗaya CARE, gwajin ingancin na'urar gano cuta STARD. Kada ka bari sai ka gama ka cike ta don cika umarni. Ajiye ta a gefenka kana rubutu, ita za ta nuna maka ramukan da masu bita, wato masanan da mujalla ke ba maƙala su tantance, za su gani.

Rubutun kansa

Kundi mai shafi ɗari ba ya zama maƙala ta hanyar yanke-yanke. Maƙala takan tsaya tsakanin kalma 2,500 zuwa 3,500, kuma tambaya ɗaya take amsawa. Rubuta tambayar a jimla guda, da amsar a jimla guda. Abin da bai taimaki waɗannan jimloli biyu ba, cire shi ko da ka sha wuya kafin ka same shi. Amma kada ka yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa don yawan maƙaloli. Editoci sun san wannan dabara.

Tsarin da ake bi shi ne gabatarwa, hanyoyin bincike, sakamako, sharhi, amma ba haka ake rubutawa a jere ba. Fara da jadawali. Uku ko huɗu sun isa: na farko ya nuna su wane ne aka nazarta, na biyu babban sakamako, na uku lissafin da aka yi la'akari da sauran dalilai. Kowane jadawali ya tsaya da ƙafarsa, da take, da ma'auni, da bayanin gajerun kalmomi a ƙasa.

Sashen hanyoyi shi ne inda edita yake yanke shawarar yarda da kai ko a'a, don haka kada ka yi masa rowar kalmomi. Faɗi wane irin asibiti ne, su wa yake karɓa, daga wace rana zuwa wace rana. Faɗi ma'anar jijjiga a bincikenka, da abin da ka ɗauka a matsayin awo: zuwa sau ɗaya ko sau huɗu? Faɗi wanda aka sa da wanda aka cire da dalili, yadda aka lissafa yawan mutanen da ake bukata, wa ya ciro bayanai daga fayil kuma wa ya duba aikinsa. Idan an mayar da takardar tambayoyi Hausa, faɗi wa ya yi da yadda aka gwada ta. Ambaci manhajar lissafi da sigarta, SPSS ce ko Stata ko R ko Epi Info.

Ga inda ake yawan ɓoye gaskiya ba da niyya ba. A ce rajistar ɗakin haihuwa ta nuna mata 300, sashen adana fayil ya samo maka 240, a cikinsu 30 ba a rubuta makomar jariri ba. Marubuci sai ya ce ya nazarci mata 210 ya yi shiru. Rubuta duka lambobin, ka zana su a taswirar da ke nuna inda kowa ya fita. Fayil ɗin da suka ɓace ba lalle su yi kama da waɗanda aka samu ba. Mai yiwuwa na waɗanda suka rasu ne aka kai wani ofishi. Mai bita da ya san aikinsa zai tambaya, kuma gara ya tarar ka riga shi faɗa.

A sakamako, lambobi kawai, ba sharhi. Ko da yaushe sa adadi tare da kaso, ka ce 42 daga 210, sannan kashi 20 cikin ɗari. Kada ka tsaya a ƙimar p, lambar da ke auna ko dace kawai zai iya haifar da bambancin da ka gani. Ba da girman bambancin da tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakokin da ake kyautata zaton ainihin bambancin yana cikinsu. Idan SPSS ta fitar maka .000, rubuta p<0.001, domin ƙimar ba ta zama sifili. Bi ma'aunin da mujallar ta zaɓa, kada sukari ya zo da mmol/L a nan, mg/dL a can. Kuma abin da bai fito yadda ka so ba, shi ma sakamako ne, rubuta shi.

Sharhi ya fara da abin da ka gano, cikin jimla biyu ko uku. Sannan ka gwada da ayyukan wasu, ka yi bayanin dalilin bambanci maimakon jero sunayen garuruwa da kasonsu. Sannan raunin binciken, a fili. A nan ne marubuta suke wuce gona da iri. Abin da ka gani a asibiti ba shi ne yawan cutar a gari ba, tunda mata da yawa a gida suke haihuwa kuma asibitin koyarwa masu tsanani ake kawo masa. Haka idan waɗanda ba su yi awo ba sun fi rasa jarirai, ka ce akwai alaƙa, kada ka ce rashin awo ne ya jawo. Nisan gari, talauci da jinkirin samun mota suna iya haddasa duka biyun. Shawarar da za ka bayar ta fito daga lambobinka, ba wadda za a iya liƙa wa kowace maƙala ba.

Gabatarwa sakin layi uku: me aka sani, me ya rage, me ka yi. Tsakure a ƙarshe ake rubuta shi, galibi kalma 250 zuwa 300, kuma shi ne abin da akasarin mutane za su karanta. Ɗauki biro ka gwada kowace lamba da ke cikinsa da ta jadawali. Take ya faɗi abin da aka nazarta, a kan su wa, a ina, da nau'in binciken. Fitilun kalmomi, waɗanda ake nemo maƙala da su, ɗauko su daga MeSH, jerin kalmomin likitanci na NLM.

Manazarta, satar fasaha da harshe

Yi amfani da manhajar tsara manazarta, Zotero ko Mendeley, tun farko, kyauta ne, kuma idan ka canza mujalla za su sauya maka salo nan take. Mafi yawan mujallun likitanci salon Vancouver suke bi, inda ake ba manazarta lamba bisa yadda suka fara bayyana. Kada ka kafa hujja da abin da ba ka karanta ba. Idan maƙala tana kulle, tambayi ɗakin karatunku ko suna da Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa.

Mujallu suna saka rubutu a iThenticate don gano kwafi. Sauya kalma ɗaya-ɗaya ba ya fitar da kai. Rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta, ka faɗi inda ka samo. Kwafo daga tsohuwar maƙalarka ma laifi ne in ba ka ambata ba. Idan ka yi amfani da manhaja irin ChatGPT wajen gyaran harshe, faɗi, kada ka sa ta cikin marubuta, kuma ka duba duk wata manazarta da ta kawo, domin tana ƙirƙiro waɗanda babu su. Ingilishinka ko Faransancinka ba sai ya yi ado ba, gajerun jimloli sun fi. Ba wani abokin aiki da ba ya cikin binciken ya karanta, ka tambaye shi abin da ya fahimta.

Ranar turawa

Tara komai a wuri ɗaya kafin ka buɗe shafin intanet na mujallar: shafin take mai sunaye da wuraren aiki da imel, babban rubutu, wanda wasu mujallu ke so a cire masa duk wata alamar marubuta har da sunan da ke ɓoye a bayanan fayil ɗin Word, jadawali, hotuna daban, masu kaifin 300 dpi, jerin STROBE da aka cike da lambar shafi, takardar izinin ɗa'a, bayanin wanda ya ba da kuɗi, bayanin ko wani marubuci yana da wata alaƙa da kamfani ko wata moriya da ka iya shafar aikin, da bayanin ko za a iya ba wasu masu bincike bayananka.

Wasiƙar edita kada ta wuce shafi ɗaya. Ambaci sunan editan da sunan mujallar daidai, musamman in wasiƙar da ka tura wa wata ce kake gyarawa. Faɗi tambayar, babban sakamakon, da dalilin da masu karanta wannan mujalla za su damu. Tabbatar cewa ba a buga aikin ba, ba ya gaban wata mujalla, kuma duk marubuta sun amince. Idan an gabatar da shi a taro, ko daga kundi ya fito, ko ka ɗora shi a medRxiv, shafin da ake ɗora daftari kafin a yi masa bita, faɗi. In an ce ka ba da sunan masu bita, kada ka sa malaminka ko na sashenku.

Tura wa mujalla biyu lokaci guda haramun ne a wannan fage, ko da ka gaji da jira.

Tsarin turawa ta intanet da za ka tarar yawanci Editorial Manager ne, ko ScholarOne, ko OJS. Zaɓi lokacin da intanet yake da ƙarfi kuma kwamfuta ta cika da caji, ka riƙa adanawa a kowane shafi. Bayan ka ɗora fayiloli tsarin zai haɗa su ya fitar da PDF. Buɗe shi ka duba shafi-shafi: alamomi irin ± da ≥ sukan rikiɗe, jadawali yakan yanke. Sannan ka danna amincewa. Mutane sukan tsaya kafin wannan dannawa su yi wata da watanni suna jiran amsa, alhali rubutun bai bar hannunsu ba. Shaidar ya tafi ita ce imel mai lambar maƙala. Gaya wa sauran marubuta su duba akwatinsu har da na tarkace, domin wasu mujallu ba sa ci gaba sai kowa ya tabbatar.

Jira da amsa

Edita zai iya mayar da ita cikin kwanaki ba tare da bita ba, galibi don ba ta dace da mujallar ba. Wannan ba hukunci ba ne a kan aikinka. Gyara tsari ka tafi ta biyu a jerinka. In ta wuce, za a ba masana biyu ko uku. Idan lokacin da mujallar ta ambata ya wuce sosai, aika gajeren saƙo cikin ladabi da lambar maƙalar. Idan ka yanke shawarar janyewa, rubuta, ka jira su tabbatar kafin ka kai wani wuri.

Idan aka ce a yi babban gyara, labari ne mai daɗi ko da bai yi kama da shi ba. Karanta, ka bari ya kwana, sannan ka kwafo kowace magana ta mai bita ka ba ta lamba, ka rubuta amsa a ƙarƙashinta da shafi da layin da ka gyara. Kada ka tsallake ko ɗaya. Misali, mai bita ya ce ba ka yi la'akari da nisan gida da asibiti ba. Amsa: "Mun gode da wannan lura. Ba a rubuta nisa a yawancin fayil ba, amma an rubuta ƙaramar hukuma. Mun raba matan zuwa na cikin gari da na waje, mun sake lissafi a jadawali na 3, mun kuma ƙara wannan cikin raunin binciken a shafi na 11." Idan ba ka yarda da shi ba, kana da damar ƙi, da hujja da manazarta, ba da zafin rai ba. Wani lokaci mai bita daga Turai zai tambayi me ya sa ba a yi wa kowa wani gwaji mai tsada ba. Yi masa bayanin yadda asibitin yake aiki da wanda ke biyan kuɗin gwaji, ka kuma sa bayanin cikin maƙalar, tunda wasu masu karatu ma za su yi tambayar. Idan masu bita biyu suka saɓa, faɗa wa edita wanda ka bi da dalili. Tura kwafi mai alamar gyara da kwafi mai tsabta, kafin wa'adi. In ba zai yiwu ba nemi ƙari tun da wuri.

In an ƙi bayan bita, yi amfani da maganganun ka gyara kafin ka tura wani wuri. Masana fanni ɗaya ba su da yawa, mai yiwuwa hannun mai bitar nan za ta sake faɗawa.

Bayan an karɓa

Za a turo maka shafukan da aka tsara don dubawar ƙarshe, galibi da wa'adin kwana biyu ko uku. Ba lokacin sake rubutu ba ne. Duba sunaye, wuraren aiki, lambobin jadawali, sannan ka duba adadin magani sau biyu, domin mg da ya koma g zai iya cutar da majiyyacin wani likita da ya yarda da kai. Amsa tambayoyin da masu tsarawa suka sa a gefe, ka sa hannu a takardar haƙƙin mallaka bayan ka karanta abin da ta ba ka damar yi da maƙalar.

Idan ta fito, sa lambar DOI, wato lambar shaidar maƙalar a intanet, a ORCID ɗinka, ka kai kwafi ga kwamitin ɗa'a tare da rahoton rufe bincike, ka sabunta rajista idan gwaji ne. Kai wa shugaban asibiti da ma'aikatar lafiya taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya, ka kuma gabatar da sakamakon ga ungozomomi da ma'aikatan jinya na ɗakin da aka samo bayanan. Idan kuma daga baya ka gano kuskure a lamba ko a jadawali, sanar da sauran marubuta, ka rubuta wa edita da bayanin wurin da kuskuren yake da abin da ya kamata ya zama, su buga gyara su haɗa shi da maƙalar.